John Lubbock: attajirin da ya yi kiwon tururuwa, ya ceci duwatsu, ya samo wa ma'aikata hutu

Ranar Litinin, 7 ga watan Agusta na shekara ta 1871, birnin Landan ya wayi gari bankuna a rufe. Sarki bai mutu ba, yaƙi kuma bai ɓarke ba. Akawuna da magatakarda da yaran kanti, waɗanda suka saba sammakon zuwa aiki, suka cika tashoshin jirgin ƙasa da iyalansu, wasu suka nufi bakin teku, wasu suka nufi ƙauye. Sabuwar doka ce ta ba su wannan rana. Wanda ya kawo dokar gaban majalisa wani depite ne ɗan shekara 37, mai banki ɗan mai banki, sunansa John Lubbock.

Da a nan aikinsa ya tsaya, da ya isa a tuna da shi. Amma shi ne kuma ya ƙirƙiro kalmomi biyu da duk wanda ya zauna ajin tarihi a lise ya haddace, wato Paleyolitik da Neyolitik. Shi ne ya yi shekara da shekaru yana zaman kallon tururuwa cikin gidajen gilashi har ya gano abin da ido bai taɓa gani ba. Shi ne kuma ya yi shekara tara yana fama da majalisa kafin Ingila ta sami dokarta ta farko ta kare wuraren tarihi. Wannan mako, filin ya waiwayi rayuwarsa, da abin da ya dace a yaba masa, da kuma inda ya yi tuntuɓe.

Ɗan banki, maƙwabcin Darwin

An haifi John Lubbock a Landan ranar 30 ga Afrilu, 1834. Mahaifinsa, Sir John William Lubbock, shugaban bankin gidansu ne, kuma masanin lissafi da taurari wanda ya yi suna wajen binciken cikar teku da janyewarta. Iyalin suna zaune a wani babban gida mai suna High Elms, kusa da ƙauyen Downe cikin lardin Kent, kudu maso gabas da Landan.

Wata rana cikin 1842 uban ya dawo gida ya ce yana ɗauke da babban albishir. Yaron, mai shekara takwas, ya zaci ɗan doki za a saya masa. Da aka ce masa wai wani mutum ne mai suna Charles Darwin zai tare a ƙauyen, sai ransa ya ɓaci. Shi da kansa ya riƙa ba da wannan labari bayan ya girma, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Darwin ya ja yaron a jiki, ya ba uban shawarar ya saya masa madubin nan mai ƙara girman ƙananan abubuwa, wato mikroskop, ya koya masa yadda ake dubawa da yadda ake rubuta abin da aka gani ba tare da ƙari ba. Ba da daɗewa ba yaron ya fara yi wa Darwin zanen wasu ƙananan halittun teku da yake bincike a kansu.

Karatunsa na aji bai yi nisa ba. An sa shi lakwal ɗin Eton a 1845, amma yana wajen shekara 14 uban ya cire shi ya kai shi banki, saboda abokan aikinsa sun kwanta rashin lafiya kuma yana bukatar na gida kusa da shi. Lubbock bai taɓa zama ɗalibin jami'a ba. Da rana yana kan littattafan kuɗi, da asuba da dare yana kan madubinsa. Yana shekara 22 ya zama mai hannun jari a bankin. Yana shekara 24, a 1858, babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila, Royal Society, ta karɓe shi cikin membobinta saboda binciken da ya yi kan wata ƙaramar halittar ruwa. Abin mamaki, wannan mutum da bai shiga jami'a ba shi ne ya riƙe muƙamin mataimakin shugaban Jami'ar Landan daga 1872 zuwa 1880.

A harkar banki ma bai zama ɗan kallo ba. Yana cikin waɗanda suka tsara yadda bankunan lardi za su riƙa musayar shek a wuri guda a Landan, maimakon kowane banki ya riƙa aika wa kowane banki takardunsa ta gidan waya. Da aka kafa ƙungiyar ma'aikatan banki ta Ingila a 1879, shi aka zaɓa shugabanta na farko.

Gatarin aradu

Manoma a ƙasar Hausa sun san wani ɗan dutse mai santsi da kaifi a baki ɗaya, wanda akan tsinta a gona, ana ce masa gatarin aradu. Manoman Turai ma sun daɗe suna tsintar irinsa, kuma su ma cewa suke tsawa ce ke jefo shi daga sama. Sai a hankali masana suka tabbatar cewa hannun mutum ne ya sassaƙa shi ya goge shi, tun kafin a san ƙarfe.

Tambayar da ta rage ita ce: tun yaushe? A nan labarin ya ratsa ta ofishin duwan. Wani shugaban duwan na garin Abbeville a arewacin Faransa, mai suna Boucher de Perthes, ya yi shekaru yana tara duwatsun ƙyastu sassaƙaƙƙu daga ramukan tsakuwa na kwarin kogin Somme. Yana samun su can ƙasa sosai, haɗe da ƙasusuwan irin giwaye da karkanda da suka ƙare a duniya tun tuni. Ya ce lalle mutum ya yi zamani da waɗannan dabbobi. Manyan masana na Paris suka yi masa dariya. Sai a 1859 wasu Ingilishi biyu, Joseph Prestwich mai fataucin giya da John Evans mai masana'antar takarda, suka je suka gani da idonsu, suka dawo suka shaida cewa ma'aikacin duwan yana da gaskiya. Abin lura ne a nan: ma'aikacin gwamnati da ƴan kasuwa ne suka buɗe wannan ƙofa ta ilimi, a lokacin da suka rage daga aikinsu.

Lubbock ya bi sawunsu zuwa Somme a 1860. Daga nan, duk hutun da ya samu daga banki sai ya yi tafiya. Ya je Danmak ya duba tsibin ɓawon kifin teku da mutanen da suka ci suka zubar. Ya je Suwis ya duba ragowar ƙauyukan da aka gina bisa turaku a bakin tafkuna. Ya je kudancin Faransa ya shiga koguna. A 1865 ya tara abin da ya gani cikin littafi mai suna Pre-historic Times, wato zamanin da ya gabaci rubutaccen tarihi.

Kafin shi, wani masani ɗan Danmak, Christian Thomsen, ya riga ya kasa tarihin mutanen da kashi uku: zamanin dutse, zamanin tagulla, zamanin ƙarfe. Lubbock ya lura cewa zamanin dutse ya yi tsawo ƙwarai, kuma kayansa iri biyu ne. Akwai na farko, waɗanda aka fasa aka ɓantare kawai, kamar na Somme. Akwai na baya, waɗanda aka wasa aka goge suka yi santsi, irin gatarin aradu. Sai ya ɗauko kalmomin Girkanci ya raɗa musu suna: Paleyolitik, tsohon zamanin dutse, da Neyolitik, sabon zamanin dutse. An fassara littafin da Faransanci a 1867, kuma an buga shi har sau bakwai da gyare-gyare, na ƙarshe a 1913. Kalmomin biyu suka shiga harsunan duniya, har suka iso allon lakwal a Maraɗi da Damagaram.

Ilimi ya ci gaba bayansa. Yau masana ba sa auna Neyolitik da santsin dutse kaɗai, suna duba noma da kiwo da ginin tukwane da zaman gari. Kuma an gano cewa matakan ba su jeru iri ɗaya a ko'ina ba. A Tagalagal, cikin duwatsun Ayar, an tono tukwanen da suka haura shekara 9000, waɗanda mafarauta da masu tsintar ƴaƴan itace suka gina tun kafin noma ya zo yankin. Amma sunayen da Lubbock ya raɗa suna nan daram.

Hutu da ƙarfin doka

A 1865 mahaifinsa ya rasu, ya gaji bankin da sarautar Sir. A 1870 mutanen garin Maidstone suka zaɓe shi depite a ƙarƙashin jam'iyyar masu sassaucin ra'ayi, bayan ya faɗi zaɓe sau biyu a wata mazaɓa. Ya shiga majalisa da ƙudurori uku: a koyar da kimiyya a makarantu, a rage bashin ƙasa, a kuma sama wa ma'aikata hutu da sassaucin awannin aiki.

Domin a gane dokarsa ta 1871, sai a san halin da ake ciki. Da can babban bankin Ingila yana rufewa kusan kwana 33 a shekara saboda bukukuwan addini. A 1834 aka zaftare su suka koma huɗu. Sauran bankuna kuwa ba su da ikon rufewa yadda suka so, domin idan takardar bashi ta cika wa'adinta ranar da banki yake rufe, ba a biya ba, to doka tana iya ɗaukar bankin tamkar ya gaza biya. Duk ɗan kasuwa ya san abin da wannan ke nufi ga mutuncin gida. Dabarar Lubbock ita ce ya sa doka ta ce duk bashin da wa'adinsa ya faɗa kan ranar hutu, sai a biya shi washegari, ba laifi ba tara. Dokar ta ware kwana huɗu a Ingila: Litinin ta bayan Ista, Litinin ta bayan Fentikos, Litinin ta farkon Agusta, da 26 ga Disamba.

Ya raɗa mata suna hutun banki, kuma sunan ya taimaka ta wuce majalisa ba tare da hayaniya ba, domin masu masana'antu sun ɗauka abin bai shafe su ba. Amma idan banki ya rufe, ciniki babba ya tsaya. Sannu a hankali kantuna da ofisoshi da masana'antu suka bi. Talakawa, don murna, suka riƙa kiran ranakun da sunan Waliyyi Lubbock.

Daga nan ya juya kan yaran kanti. A zamanin nan yaro ko yarinya kan tsaya bayan teburin ciniki tun safe har tsakar dare, musamman ranar Asabar, domin kowane mai kanti yana tsoron in ya rufe da wuri maƙwabcinsa zai kwashe masu saye. A 1886 Lubbock ya samu aka yi dokar da ta hana a sa wanda bai kai shekara 18 ba aikin da ya wuce awa 74 a mako. Mai karatu ya raba 74 gida shida, zai ga ya haura awa 12 a yini, kuma wannan shi ne sassaucin. Dokar ma ba ta tanadi masu zagayawa su duba ba, saboda haka da yawa suka yi biris da ita. Bai gaji ba. Ya fahimci cewa mai kanti ɗaya ba ya iya rufewa da wuri sai in kowa zai rufe, don haka ya nemi dokar da za ta ɗaure kowa lokaci guda. A 1904 aka ba hukumomin gari ikon sa lokacin rufe kantuna idan kashi biyu cikin uku na masu kantunan sun yarda. A 1911 aka wajabta ba ma'aikatan kanti hutun rabin yini kowane mako.

Duwatsun Avebury

A lardin Wiltshire, yamma da Landan, akwai ƙauye mai suna Avebury wanda ke zaune cikin wani ƙaton da'irar duwatsu. Mutanen Neyolitik ne suka kafa su fiye da shekara 4000 da suka wuce, suka kewaye su da ganuwa da gwalalo mai zurfi. Da'irar waje kaɗai ta ƙunshi duwatsu kusan ɗari, faɗinta ya haura mita 300. Amma cikin ƙarni na 17 da na 18 mutanen ƙauyen suka riƙa hura wuta a gindin duwatsun, su kwara musu ruwan sanyi su tsage, su farfasa su yi gini da su.

A 1871 aka sa wani yanki na wurin a kasuwa domin a gina gidaje. Limamin cocin ƙauyen ya aika wa Lubbock saƙon gaggawa. Lubbock ya sa kuɗinsa ya sayi filin. A 1873 ya ƙara da Silbury, wani tsauni na kusa da mutanen da suka tara da hannu, mai tsayin fiye da mita 30.

Ya san aljihun mutum ɗaya ba zai sayi tarihin ƙasa duka ba. A 1873 ya kai wa majalisa ƙudurin dokar kare wuraren tarihi. Aka yi watsi da shi. Ya sake kaiwa, aka sake watsarwa, shekara bayan shekara. Masu adawa, waɗanda yawancinsu manyan masu filaye ne, hujjarsu ɗaya: gona ta mai gona ce, abin da ke cikinta nasa ne, in ya so ya fasa in ya so ya bari, gwamnati ba ta da ta cewa. Wasu ma suka ce kayan jahilan da ne, ba su cancanci kuɗin baitulmali ba. Amsar Lubbock ita ce, waɗannan duwatsu su ne kaɗai takardun da mutanen da ba su yi rubutu ba suka bari, kuma wanda ya fasa su ya ƙona littafin da babu kwafinsa.

Mai haƙuri yakan dafa dutse. A 1882 dokar ta wuce, amma an zare mata haƙora. Ta lissafa wurare 68 kacal a Birtaniya da Ailan, kuma ba ta tilasta wa kowa komai ba: mai fili ne zai miƙa wurin ga kulawar hukuma in ya ga dama. Aka naɗa Janar Pitt Rivers, wanda ya yi fice wajen tono cikin tsari, ya zama sufeto na farko, yana yawo gida gida yana lallashin masu filaye. Lubbock, wanda matarsa ta farko ta rasu a 1879, ya auri ɗiyar wannan janar, Alice, a 1884. Raunin dokar ya fito fili a kan Stonehenge, wurin da ya fi kowane suna: yana cikin jerin, amma mai shi ya ƙi miƙawa. Har gwanjonsa aka yi a 1915 kan fam 6600, sai a 1918 wanda ya saya ya ba ƙasa kyauta. Ikon hana mai fili ɓarna bai shiga doka ba sai 1913, ƴan watanni bayan rasuwar Lubbock. A 1986 hukumar UNESCO ta sa Avebury da Stonehenge cikin kayan gadon duniya.

Shekara goma sha huɗu da tururuwa ɗaya

Duk wannan fama da majalisa, a gida wani aiki ne daban ke jiransa. Wahalar binciken tururuwa ita ce rayuwarta a ƙarƙashin ƙasa take, in ka tone gidan ka rushe abin da kake son gani. Sai Lubbock ya ɗauki faifan gilashi biyu, ya bar ɗan tsakani kaɗan, ya cika da ƙasa mai laima, ya zuba tururuwa ciki, ya rufe da ƙyalle domin su sami duhu. Ya jera gidajen bisa katako, ya kewaye da ruwa don kada su gudu. In ya ɗaga ƙyallen, ga gari duka a fili: ɗakin ƙwai, ɗakin ƴaƴa, da sarauniya, wato uwar da ke yin ƙwai. Yakan ɗiga wa wasu fenti a baya domin ya bambanta su, ya zauna da agogo yana ƙidaya zuwansu da komowarsu. In majalisa ta riƙe shi, ƴaƴansa mata sukan karɓe shi tsaro.

Abu na farko da ya gano shi ne tsawon rai. Da ana zaton tururuwa ba ta wuce shekara guda. Lubbock ya ɗauko wasu sarauniyoyi biyu a Disamba 1874. Ɗaya ta rayu har 1887, ɗayar har Agusta 1888, wato kusan shekara 14 a hannunsa, ban da kwanakin da ta yi kafin ya same ta.

Na biyu, sanin ɗan gida. Ya ware wasu tururuwa daga gidansu fiye da shekara, da ya maido su aka karɓe su lafiya, alhali baƙuwa irinsu daga wani gida ana ganinta ake far mata. Ya so ya san ko wata alama suke yi wa juna da gangan, kamar kalmar sirri ta soja. Sai ya bugar da wasu da barasa har suka kasa motsi, ƴan gida da baƙi, ya ajiye su a hanya. Masu hankali suka zo suka yi ta jujjuya su. Yawancin ƴan gida aka ɗauke su aka kai ciki, baƙin kuwa aka ja su aka jefa ruwa. Tun da bugagge ba ya iya ba da alama, ashe shaidar a jikinsa take. Binciken da aka yi bayansa ya nuna cewa wani maiƙo ne a fatar tururuwa mai ƙamshin gidansu, wanda suke shinshinawa da ƙahonninsu.

Na uku shi ne mafi ban mamaki. Tururuwa ba ta son haske ya taɓa ƴaƴanta, takan kwashe su zuwa duhu. Lubbock ya ratsa haske ta gilashi mai kusurwa uku, ya rabe shi launi launi kamar bakan gizo, ya haska gidan. Sai ya ga sun fi gudun gefen shunayya, har ma suna kwashe ƴaƴansu daga wurin da ke gaba da shunayya, inda idon mutum ba ya ganin komai sai duhu, su kai su ƙarƙashin jan haske. Ashe suna ganin wani haske da mutum ba ya gani, wanda ake kira ultrabiyole. Daga nan ya yi hasashen cewa duniyar da dabba ke gani da ji tana iya bambanta ƙwarai da ta ɗan Adam, kuma kimiyya ta gaskata shi.

Ya kuma lura da wata irin tururuwa mai ruwan ɗorawa da ke kiwon ƙwarin darɓa kamar yadda makiyayi ke kiwon shanu: tana adana ƙwansu cikin gidanta duk lokacin sanyi, in sun ƙyanƙyashe ta fito da su ta ɗora bisa ganye, tana shan zaƙin da suke fitarwa. Ya koya wa ƙudan zuma zuwa shan zuma bisa takardu masu launi, ya nuna suna bambanta launuka. Ya tara wannan duka cikin littafinsa na 1882 kan tururuwa da zuma da rina. Kafin nan, a 1873, ya wallafa babban littafi kan wasu ƴan mitsi-mitsin halittu masu tsalle da ke cikin ƙasa mai laima, kuma sunan da ya ba su, Collembola, shi masana ke amfani da shi har yau. Har rina ya taɓa riƙewa, wadda ya kamo a duwatsun Pirene, ta yi wata tara tana cin abinci a tafin hannunsa. Karensa ma, mai suna Van, ya koya masa ɗauko kati mai rubutun abinci in yana jin yunwa.

Inda gani bai kori ji ba

Duk da haka akwai tabo a tarihinsa, kuma bai kamata a rufe shi ba. A ƙarshen littafinsa na 1865, da cikin wani da ya fitar a 1870 kan asalin wayewar kai, Lubbock ya ɗauki mutanen Afirka da Ostareliya da tsibiran teku da ƴan asalin Amurka ya jera su a matakan tsani, Bature a sama, su a ƙasa. Ya kira su da sunan ƙasƙanci, ya ɗauke su tamkar ragowar mutanen zamanin dutse da suka tsaya wuri ɗaya, har ya ce wasunsu ba su da addini ko kaɗan.

Daga ina ya samo wannan? Daga littattafan matafiya da sojoji da ƴan mishan, waɗanda da yawansu ba su ji harshen mutanen da suke ba da labarinsu ba. Mutumin da bai yarda da maganar kowa a kan tururuwa ba sai ya gwada da hannunsa, wanda ya yi shekara 14 yana duban ƙwaro ɗaya, shi ne ya yanke wa al'ummai hukunci da jita-jita, bai taɓa zama cikinsu ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ya yi aiki da wannan a kan ƙwari, ya manta da shi a kan mutane. Gaskiya ne ya yarda cewa ɗan Adam duka asalinsa ɗaya. Amma irin wannan tsani da shi da tsararrakinsa suka zana ya zama hujja a bakin masu mulkin mallaka, a daidai shekarun da ake rabon Afirka.

Ilimin da ya taimaka aka kafa shi ne ya rushe tsanin. Kayan dutse mafi tsufa da aka sani a duniya a Afirka aka tono su: na Gona a Habasha sun kai shekara miliyan 2.6, na Lomekwi a Kenya, da aka bayyana a 2015, sun kai miliyan 3.3. A 2001, a hamadar Jurab ta Chadi, aka sami ƙoƙon kan Tumai mai kusan shekara miliyan 7. Paleyolitik ɗin da ya raɗa wa suna a bakin kogin Somme, a Afirka ya fara.

Abin da ya bari

Daga 1880 zuwa 1900 Lubbock ya wakilci Jami'ar Landan a majalisa. Ya shugabanci majalisar birnin Landan daga 1890 zuwa 1892. Da Darwin ya rasu a 1882, yana cikin waɗanda suka nemi a binne shi a Westminster, makwancin manyan ƙasar, yana kuma cikin masu rakiyar akwatin gawar. A 1900 aka ɗaga shi zuwa majalisar masu sarauta. Al'ada ce wanda aka ba wannan girma ya zaɓi sunan wuri ya ɗauka. Bai zaɓi sunan gidansu ko unguwar bankuna ba, ya zaɓi ƙauyen duwatsu, ya zama Lord Avebury. Ya rasu ranar 28 ga Mayu, 1913, a gidansa na Kingsgate a bakin tekun Kent, yana da shekara 79. Shekara guda bayan haka bankin gidansu ya narke cikin bankin Coutts.

Gardamar da ya yi da masu filaye ba ta tsaya a Ingila ba. A 1975 aka gano makabartar Bura, a yankin Tera, da mutum-mutumin yumɓu na mahaya dawaki da tulunan binne mamata. Masanin tarihi Boube Gado ya jagoranci tono ta cikin tsari a 1983. Da sunan kayan ya kai Turai cikin shekarun 1990, sai masu tonon dare suka afka wa yankin, dillalai suna saye da araha suna fitarwa. Nijar ta yi dokar kare kayan gadon al'adu a 1997, kuma a 2000 hukumar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jan jerin abubuwan da aka hana saye da sayarwa. Amma tulun da aka fizge daga raminsa ba tare da an auna zurfinsa an rubuta abin da ke gefensa ba, ya rasa bakin magana, ko da an dawo da shi.

Doka kuwa, kamar yadda ta Lubbock ta nuna, takarda ce har sai an sami mai tsaye a kanta: ma'aikacin duwan da zai buɗe akwati a bakin iyaka, mai gari da zai kai rahoto, ɗan kasuwa da zai ce wannan haja ba ta sayarwa ba ce. Limamin wani ƙauye ne ya rubuta wasiƙa a 1871, wani attajiri kuma ya amsa, shi ya sa duwatsun Avebury suke tsaye har yau.